Daga Elmina Zuwa Fanisau: Wa Zai Biya Manomin Da Ke Maƙwabtaka Da Ganuwa?

Kwanakin baya wani taro ya kai ni ƙasar Ghana, kuma da aka kammala, sai masu masaukinmu suka ɗebe mu a mota daga Akra zuwa yamma, domin mu ga tsofaffin gidajen yaƙin da Turawa suka gina a bakin teku. Na tafi ne da niyyar shan iska da ɗaukar hoto kamar kowane baƙo, amma na dawo da wata tambaya da ta hana ni sakat. Ita ce nake so in ajiye a gaban mai karatu, musamman 'yan'uwana 'yan boko da Allah Ya hore wa abin hawa jirgi.

Mun fara da Elmina. Mutanen Fotugal ne suka gina gidan a shekarar 1482, wato daidai lokacin da Muhammadu Rumfa yake kan gadon sarautar Kano. Mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, bayan sun hau wani tudu da ke fuskantarsa sun yi masa ruwan igwa. Da yake sun san ta inda suka ci gari, sai daga baya suka gina wani ƙaramin sansani a kan wannan tudun, don kada wani ya yi masu abin da suka yi wa wasu. Ingilishi suka karɓi wurin a 1872, kuma a nan suka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin su fitar da shi daga ƙasar. Daga nan muka wuce Cape Coast, inda igwogi suke jere har yau bakinsu na kallon teku, ga kuma hasumiyoyin tsaro a kan tuddan garin, waɗanda daga kansu ake hango jirgin ruwa tun yana nesa.

Ba ginin ne ya fi tsaya mani a rai ba. Wani saurayi ɗan jagora ya shigar da mu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake tara bayi kafin jirgi ya iso, ya kashe fitila na ɗan lokaci, ya bar mu da duhu da warin danshi. Sannan ya nuna mana cewa a saman wannan kurkukun ne masu gidan suka yi ɗakin ibadarsu. Bai ɓoye cewa akwai sarakuna da fatake baƙar fata da suka ci ribar wannan ciniki ba. Ya kai mu ƙofar da in bawa ya fita ta cikinta ba ya sake dawowa. Na ga wata dattijuwa daga Amurka ta dafa bango tana kuka, ba mai rarrashinta, domin kowa ta kansa yake yi.

Da muka fito sai na lura da ɗaya fuskar al'amarin. Mun biya kuɗin shiga, mun sallami ɗan jagora, mun ci kifi a wajen wata mata, mun sayi littafi da tsaraba, direba ya sami nasa, mai masauki ya sami nasa. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sanya waɗannan gine-gine cikin jerin kayan tarihin duniya. Shugaban Amurka Barack Obama ya ziyarci Cape Coast da iyalinsa a 2009, sannan gwamnatin Ghana ta yi shelar 2019 a matsayin shekarar komawa gida ga jikokin bayin da aka kwashe. Gari guda yana cin abinci daga tarihin da ya fi kowane ɗaci.

A hanyar dawowa wani abokin zamana a mota, malamin jami'a ne a can, ya tambaye ni mu me muke da shi irin wannan. Nan take na cika baki da ganuwar Kano: yadda Sarki Gijimasu ya fara ta tun ƙarni na 12, yadda Rumfa da Muhammadu Nazaki suka faɗaɗa ta, yadda Lugga da kansa, bayan an ci Kano a watan Fabrairun 1903, ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Na ƙara masa da Gidan Makama, da Dutsen Dala, da hasumiyar Gobarau ta Katsina wadda aka ce daga kanta ake hango mahara. Ya ce lallai zai zo in zagaya da shi. Sai na ji gabana ya faɗi, domin na san abin da zai tarar.

Amma ba ganuwar birni ce ta kawo ni yau ba. An sha rubutu a kanta, an sha kuka lokacin da aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, kuma ko ba komai tana da masu yi mata magana. Wadda ba ta da kowa ita ce ganuwar ƙauye.

Ni mutumin karkara ne, daga ƙasar da ke arewa da birnin Kano, inda in ka bar Dawanau ka nufi Ɗambatta ko Bichi, ko ka bi ta Ungogo zuwa Minjibir, ba za ka ga daji ba sai gona na bin gona, gida na hango gida, kuka da ɗorawa da gawo tsaye a tsakiyar shuka. Muna yara akwai wani dogon tudu a gabashin garinmu da muke kira badala. A kansa muke wasan ɓuya, daga kansa muke hango 'yan kasuwa suna dawowa da jakuna. Bayansa akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya da damina, wanda tsofaffi ke kira gwalalo. Kakata, Allah Ya jiƙanta, takan ce a zamanin iyayenta ana rufe ƙofar gari da almuru, wanda ya makara sai ya kwana a waje, kuma akwai wata kuka da ake ɗora saurayi mai kaifin ido a kanta da rani, in ya hango ƙurar dawaki ya yi kururuwa, a buga ganga, na gona su yar da fartanya su sheƙo. Wannan kukar ita ce hasumiyarmu.

Da na dawo daga Ghana ban yi mako biyu ba na tafi gida don in ga badalar da idon baƙo. Abin da ya rage bai fi taku 40 ba, na auna da ƙafata. Gefe guda an yanke shi an buga bulo, gefe guda gero ya hau har ƙirjinsa. Gwalalon ya zama fadamar tumatir. Kukar kuwa ta daɗe da faɗuwa.

Gonar da ta ci rabin badalar ta ƙanen mahaifina ce. Bayan mun gaisa na ce, “Baffa, ashe har da ku a masu cinye mana tarihi?” Ya yi dariya, ya gyara zama a kan buzunsa, ya ce, “Kai ɗan nan, gonar da kakanka ya bari mu bakwai muka raba. Tawa in na mutu mutum tara za su raba. Wannan tudun da kake gani ƙasarsa ta fi ta ko'ina ƙarfi, ba ta neman taki. Kai da ke zuwa sau biyu a shekara, in kana so a bar maka shi ka riƙa kallo, sai ka faɗa mani buhu nawa za ka riƙa aiko mani.” Ban sami amsa ba a ranar, kuma gaskiya ita ce duk wani shiri na adana kayan tarihi a karkarar Kano da bai amsa wannan tambaya ta Baffa ba, ɓata takarda ne kawai.

Kafin in zo ga amsar, ya kamata mu san abin da muke asara, don da yawa daga cikinmu mun fi sanin yaƙe-yaƙen Turai fiye da abin da ya faru a bayan gidanmu. Arewacin Kano bakin daga ne a kusan dukkan ƙarni na 19. Da Ibrahim Dabo ya hau sarauta a 1819, ƙasa ta yamutse masa da tawaye, kuma mafi tsanani shi ne na Ɗan Tunku daga arewa, rikicin da bai lafa ba sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani, Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta. Saboda wannan yaƙi ne Dabo ya mayar da Fanisau, wadda ke ƙaramar hukumar Ungogo a yau, ribaɗi kuma sansaninsa. A can ne Baturen nan Clapperton ya je ya gaishe shi a farkon 1824, domin da ya iso birni bai tarar da sarki a gida ba. Bayan wannan ga harin Maraɗawa daga arewa maso yamma, ga Damagaram wadda ta yi ƙarfi har tana ƙera igwa tata a zamanin Sarki Tanimu, ta kuma zo har cikin ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1890, aka gwabza da Sarki Alu a Gezawa da Tattarawa. Barth, wanda ya shigo Kano daga Katsina a 1851, ya biyo ta Bichi, ya kuma ambaci ganuwarta. Ko sunayen garuruwa irin su Garun Malam da Kafin Maiyaki da Kafin Hausa sun isa shaida cewa a ƙasar nan gari da katangarsa tare ake haifarsu: mai hali ya yi garu na ƙasa, marar hali ya yi kafi na itace.

Su Elmina da dutse da bulo aka gina su, ko an yi watsi da su shekara 100 za a tarar da ƙashinsu. Tamu da jar ƙasa aka yi ta, kuma ginin ƙasa kamar dabba yake, sai ana ciyar da shi. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke, sai mai gari ya sa gayya, kowace unguwa ta san yankinta, a kwaɓa ƙasa a yaɓe inda damina ta zaizaye. Tsoro ne yake biyan kuɗin wannan aiki. Da Turawa suka ci ƙasa, hari ya ƙare, tsoron ya tafi, gayyar ta bi shi. Mutane suka fito daga cikin garu suka gina gidaje a gonakinsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, kowane taƙi na ƙasa ya zama abin nema. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna wa duniya yadda manoman wannan yanki suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kawowa a mangala. Abin alfahari ne, amma ma'anarsa ita ce a irin wannan ƙasa babu wurin da za a bari haka nan don kallo. Inda ake jayayya a gaban dagaci saboda kunya guda, yaya tudun da ya kai faɗin ɗaki zai tsira?

Saboda haka ni ban ga laifin manomi ba. Laifin namu ne, mu da muka yi karatu, muka riƙe ofisoshi, muka san darajar abin a idon duniya. Mukan kwashi iyali zuwa Dubai ko Istanbul ko Alƙahira, mu bi layi mu biya kuɗi mu ga ginin wasu, mu cika Facebook da hotuna. Nawa ne daga cikinmu suka taɓa kai 'ya'yansu Fanisau, wadda ba ta kai tafiyar awa guda daga kowace unguwa ta birni ba? Ina cikin masu wannan laifi, don sai da wani ya tambaye ni a bakin tekun wata ƙasa sannan na tuna da badalar garinmu. Akwai dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, akwai hukumar tarihi da al'adu ta jiha a Gidan Ɗan Hausa, an kuma sanya ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke fatan UNESCO ta amince da su tun 2007. Amma wuraren da suka fara samun wannan matsayi a ƙasar nan su ne Sukur a Adamawa a 1999 da dajin Osun na Osogbo a 2005, ganuwarmu kuwa tana ta narkewa a layin jira. In haka ta sami uwa, ina ga 'ya'yanta na ƙauye?

Yanzu ga maganar da na san ba kowa zai so ta ba. Abin da ke jan mutane zuwa Elmina ba kyawun gini ba ne, gaskiyar da ake faɗa a cikinsa ce. Mu kuwa mun saba da tarihin kirari. In aka tashi ba da labarin ribaɗi sai a tsaya ga jarumtar sarki da yawan dawaki, a tsallake tambayar su wa suka haƙa gwalalon, su wa suka ɗauki ƙasar a ka, su wa suka noma gandun da ya ciyar da mayaƙan. Fanisau ba sansanin yaƙi kaɗai ba ce, gandun sarki ce da bayi suke nomawa, kuma Mohammed Bashir Salau ya wallafa littafi sukutum a kan haka a 2011, ya dogara ƙwarai da hirarrakin da aka ɗauka da tsofaffin wurin. Kalmomin rinji da murgu da fansa da cucanawa ba daga Turanci muka aro su ba. Ganuwar da ta kare kakata ita ce kuma ta tsare kakar wani don kada ta gudu. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, wato akwai masu rai a yau da aka haifa kafin wannan shekara.

Na fahimci dalilin yin shiru. A garuruwanmu jikokin kowane ɓangare suna zaune tare, sun yi auratayya, suna sahu ɗaya a masallaci, kuma babu mai hankalin da zai so a tono asalin wani a ci masa fuska. Ban ce a ambaci gidan kowa ba. Amma ana iya faɗin yadda tsarin ya kasance ba tare da an nuna wa kowa yatsa ba, kamar yadda saurayin nan na Cape Coast ya yi. Yaro ɗan sakandare da za a kai shi ya tsaya a bakin gwalalo a gaya masa abin da rashin tsaro ya taɓa mayar da ɗan Adam a ƙasar nan, har mutum ya zama haja, zai kalli labarin masu satar mutane don kuɗin fansa na zamaninmu da wani ido daban. In kuwa kirari kawai za mu ba shi, ya riga ya ji wannan a bakin maroƙa.

Wasu za su ce ana fama da tsadar taki da yaran da ba sa makaranta, wa yake ta tsohon tudu? Hujja ce mai ƙarfi, kuma da abin da nake nema biliyoyin Naira ne da na yi shiru. Wasu kuma suna tsoron abin da yawon buɗe ido kan jawo na lalacewar tarbiyya. Su ma ina tare da su zuwa wani matsayi, shi ya sa baƙon da nake hange ba Bature mai gajeren wando ba ne. Ɗalibai ne daga makarantun Kano da Katsina da Jigawa, da ma'aikacin banki da iyalinsa ranar Asabar, da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram waɗanda kakanninsu ne ke ɗaya gefen ganuwar. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 an tsara shi ne ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura, kusan hanyar da mahara da fatake suka bi.

Abu na farko ba ya buƙatar komai sai mota da man fetur da ɗalibai. Sashen tarihi na Jami'ar Bayero, tare da hakimai da dagatai, su bi garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya da rani, su auna abin da ya rage, su ɗauki hoto, su naɗi muryar tsofaffi. Wannan ya fi komai gaggawa, domin tsohon da ya san inda ƙofar gabas take ba zai jira kasafin kuɗin baɗi ba. Ba duka za a ceta ba, kuma ba ma dole ba ne. A zaɓi 'yan wurare da suka fi saura, a bar sauran ga gero.

A waɗanda aka zaɓa ɗin ne za a amsa tambayar Baffa. Kada a zo da takardar ƙwace, kada a kafa allon gargaɗi a tafi, domin manomin Kano ya ga alluna da yawa sun yi tsatsa. A zauna da mai gona a gaban dagaci, a ƙiyasta abin da wannan yanki zai ba shi a shekara, a riƙa biyansa da kaka, shi kuma ya zama mai gadi. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da muke tara wa kuɗi a birni kowane wata suna iya ɗaukar wannan ba tare da jiran gwamnati ba. Yaɓen shekara kuwa a mayar da shi biki. Mutanen Djenne a ƙasar Mali suna fitowa kwansu da kwarkwatarsu kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, kuma ranar ta zama abin da ake zuwa kallo daga nesa. Muna da magina, muna da makaɗan gayya, abin da ya rage a dafa tuwo a sa rana. Fanisau ma ta riga kowa samun rana, tunda sarki kan yi hawa zuwa can a cikin bukukuwan Sallah, kuma UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya a 2024. Dubban mutane suna raka dawaki har garin su dawo, ba tare da wani ya tsayar da su minti 10 ya gaya masu dalilin da ya sa sarki ke da gida a wurin ba.

Ni dai na koma wajen Baffa a makon jiya da magariba. Muka yi lissafi da shi da dagacinmu, aka tsaya a kan buhu 2 na gero a shekara, shi kuma ba zai ƙara kunya ko ɗaya a jikin badalar ba, ba zai kuma bar masu bulo su kusance ta ba. Ya sa aka rubuta a takarda da ajami da boko, ya ce shi bai yarda da alƙawarin mutanen birni ba sai ya ga buhun farko. Na gaya masa akwai wani malami daga Ghana da zai zo bayan Sallah. Ya tambaye ni ko mutumin yana cin tuwon dawa.